Yadda Mutanen Ailan Suka Riƙe Zumunci a Hayin Teku

A fitowarmu ta wannan karo za mu leƙa tsibirin Ailan, wanda ke yamma da Ingila, domin mu ga yadda iyalai suka riƙe zumunci da ƴan'uwansu da suka ƙetare teku. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. To, amma yaya za a yi idan tsakanin uwa da ɗanta akwai tafiyar makonni a jirgin ruwa, kuma babu kuɗin komowa?

Asalin maganar yunwa ce. Daga shekarar 1845 wata cuta ta riƙa ruɓar da dankalin turawa, wanda shi ne abincin talakan ƙasar. Kafin 1852 kimanin mutum miliyan 1 sun mutu, fiye da miliyan 1 kuma sun yi hijira, galibinsu zuwa Amurka, Kanada da Birtaniya. Bayan yunwar ma ƙaura ba ta tsaya ba. Tsibirin da aka ƙidaya mutum fiye da miliyan 8 a cikinsa a 1841, kafin 1901 ya koma ƙasa da miliyan 4 da rabi.

Iyaye sun san cewa wanda ya tafi da wuya su sake ganinsa. Saboda haka a daren da zai kama hanya dangi da maƙwabta sukan taru a gidansu, a kwana ana hira da rawa da kuka, da asuba kuma a yi masa rakiya. Har suna suka sa wa wannan dare, mai ma'anar "zaman makokin Amurka", domin a wurinsu rabuwar ta yi kama da mutuwa.

Daga nan sai wasiƙa ta maye gurbin ƙafa. Makarantun da hukuma ta fara kafawa a 1831 sun sa ƴaƴan talakawa da yawa sun iya rubutu. Idan wasiƙar Amurka ta iso ƙauye, maƙwabta sukan zo a karanta musu a fili, ko za su ji labarin nasu ɗan. Sau da yawa akwai kuɗi a cikinta, da su ake biyan hayar gona, a sayi saniya, a gyara rufin ɗaki. Masanin tarihi Arnold Schrier ya ƙiyasta cewa tsakanin 1848 da 1900 an aiko da kimanin dala miliyan 260, kuma kaso mai yawa ya zo ne a matsayin tikitin jirgi da aka riga aka biya. Ta haka yaya ke jawo ƙane, ƙane ya jawo na bayansa. Babban rabo na wannan hidima ƴan mata ne suka ɗauke shi, waɗanda suka tafi ba aure suka kama aikatau a gidajen masu hali na Boston da New York. A 1850 wata ƙungiyar baƙin Ailan ta kafa banki a New York, domin ma'aikata su sami wurin ajiya da amintacciyar hanyar aike gida.

Sai dai ba kowa ne ya dace ba. Wani ya mutu a wurin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ba a sami mai sanar da gida ba, wani ya sauya gari adireshinsa ya ɓace. Daga 1831 zuwa 1921 jaridar Pilot ta birnin Boston ta ware fili na cigiyar dangi, inda aka buga sanarwa fiye da 40,000. Kowace tana ɗauke da sunan wanda ake nema, da ƙauyensu, da inda aka yi masa ganin ƙarshe. Uwa na cigiyar ɗanta, mata na cigiyar mijinta, wani lokaci bayan shekara goma da jin shiru.

Akwai kuma shirun da kunya ke haifarwa, kuma shi ya fi ban tausayi. A shekarun 1950 kimanin mutum 400,000 sun bar Ailan, yawancinsu zuwa Ingila, maza suna aikin gini, mata da yawa suna aikin jinya. Mutanen gida sun saba wasiƙa na zuwa da kuɗi. Wanda aiki ya yanke masa, ko ciwo ya kwantar da shi, ko giya ta cinye masa albashi, sai ya ji nauyin aika takarda hannu sake. Ya ce sai wata mai zuwa, wata ya zama shekara, shekara ta zama talatin. Da yawa sun tsufa su kaɗai a gidajen kwanan marasa galihu na Landan, alhali tafiyar yini ɗaya ce tsakaninsu da ƙauyensu. A 1994 aka kafa ƙungiyar Aisling a Landan, wadda ke kai irin waɗannan tsofaffi ziyara gida. Wasunsu sun tarar da ƴan'uwa na jiransu, wasu kuwa kaburburan iyaye kawai suka tarar.

Daga baya ƙasar ta waiwayi ƴaƴanta na waje. Da aka zaɓi Mary Robinson shugabar ƙasa a 1990, sai ta sa aka kunna fitila a tagar fadarta, bisa tsohuwar al'adar barin haske ga matafiyi. A 2013 an yi shekara guda ana gayyatar jikoki da tattaɓa-kunne su zo su ga tushensu, ga shi kuwa a Amurka kaɗai fiye da mutum miliyan 30 ke cewa asalinsu daga Ailan ne. A 2024 jami'ar Galway ta ɗora dubban tsofaffin wasiƙun nan a intanet. Matasan da suka tafi Ostiraliya da Kanada bayan rikicin tattalin arziki na 2008 kuwa, ta wayar salula suke ganin fuskar iyayensu.

Waya ta rage nisa, amma ba ta maganin kunya. Kowa ya bar gida gida ya bar shi, in ji masu iya magana, sai dai mutanen gida ma suna da hannu a ciki. Duk mai ɗan'uwa a ci-rani, ya riƙa kiransa don jin lafiyarsa kawai, ba tare da an rufe hira da jerin buƙatu ba. Idan ya yi shiru, a neme shi tun da wuri, a kuma shaida masa cewa ƙofa a buɗe take, ko da tsaraba ko babu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.