Wace Tukunya Za Mu Ɗauka Zuwa Sansani?

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, duk lokacin da ake shirin fita sansani, ko na 'yan sikawut ko na wata ƙungiya, hankali yakan tafi kan tanti da barguna. Tukunya kuwa sai wadda hannu ya kai gare ta, kuma galibi babbar nan ta kicin ake ciccibowa. Mu dai a ganinmu wannan ba dabara ba ce.

Babbar tukunya sai mutum biyu sun kama ta a hanya, ga cin itace, ga jinkirin tafasa. Ƙarama ma da tata matsalar. Shinkafa takan kumbura kusan ninki uku in ta dahu, don haka sai an ɗora girki sau biyu: na farko sun ci har sun wanke hannu, na baya suna ta hamma.

Shawararmu ita ce kowane rukuni na mutum shida ya riƙe tukwane biyu na alminiyam, mai cin lita 6 don shinkafa ko wake, da mai lita 3 don miya da shayi. Kada a cika tukunya fiye da kashi biyu cikin uku, in ba haka ba ta yi ambaliya ta kashe wutar. Mai faɗin gindi ta fi doguwa kama wuta.

Murfi kuma dole ne, musamman a kan tudu mai iska. A saman duwatsun Shere kusa da Jos, wajen mita 1,800, ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 94, ba 100 ba, shi ya sa wake yakan daɗe bai nuna ba. Sai a jiƙa shi tun da dare.