Yawon buɗe ido a Jigawa: A fara da ɗan jagora kafin a gina otal

Duk wanda ya doshi Dutse, ko ta Shuwarin ya shigo ko ta Kwanar Huguma, duwatsu ne ke fara yi masa maraba tun kafin ya ga ginin gwamnati ko ɗaya. Su suka ba garin suna, a gindinsu Garu take, tsohon garin da fadar Sarki ke ciki. Tun ranar 27 ga Agusta, 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, su ne abin da ke fara zuwa zuciya idan an ambaci garin. Amma baƙon da ya sauka a tasha ya ce yana son wanda zai hau da shi, ya nuna masa hanya, ya ba shi labarin abin da yake gani, da wuya ya samu. Iyakarta a haɗa shi da ɗan acaɓa ya kai shi gindin dutse, ya ce masa "ga shi nan", ya karɓi kuɗinsa ya juya.

Duk lokacin da aka taso da zancen yawon buɗe ido a jihohin Arewa, hankalin masu mulki kan tafi wajen gini: katafaren otal, wurin shaƙatawa, babbar ƙofa mai fenti. Waɗannan su ne ake bayar da kwangilarsu, su ne kuma ake yanke ƙyalle a buɗe. Abin da tsakiyar Jigawa ta fi buƙata bai kai su tsada ba ko kusa. Mutum ne wanda ya san wuri, aka horar da shi, aka ba shi shaida, yana da mota ko bas da zai ɗebi mutane da safe ya dawo da su kafin magariba.

Kafin a yi nisa, kada a yaudari kowa. Jigawa ba hamada ba ce, kuma ba ta da irin manyan kwazazzaban nan na Amurka da ake gani a talabijin. Wanda aka tallata masa su ya zo bai gani ba, ba zai dawo ba, zai kuma hana wasu zuwa. Abin da take da shi daban ne, kuma kusan dukkansa ido kaɗai ba ya gane shi sai an yi bayani. Dalilin da ya sa jagora ya zama dole ke nan.

A ɗauki duwatsun Dutse ɗin kansu. Ga mai wucewa, tarin duwatsu ne kawai da awaki ke hawa. Ga masana ilimin ƙasa kuwa, saiwar tsofaffin duwatsu masu aman wuta ce, wadda iska da ruwa suka cinye samanta suka bar gindin. Suna cikin wani jeri da ya taso daga tsaunukan Azbin a Nijar, ya biyo ta Damagaram, ya ratsa Dutse, ya gangara Jos har ya kai Nasarawa, kuma duk yadda aka yi kudu duwatsun na ƙara ƙuruciya. An ƙiyasta shekarun na Dutse da kimanin miliyan 213, abin da ya sa suke cikin mafiya tsufa a ɓangaren Najeriya na wannan jeri. Ɗalibin sakandare da aka tsayar a kan falalen dutse aka gaya masa cewa abin da ya taka ɗan uwan tsaunukan Agadas ne, kuma ya girmi na Jos, ba zai sake kallonsa yadda yake yi da ba.

Ga kuma tarihin mutane a kai. Tarihin baka ya ce wani maharbi ne, Duna Magu, ya fara zama a wurin, kuma yawan gada da ya tarar ya sa ake cewa Dutse Gadawur. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse. Wato sama da shekara 500 da suka wuce garin yana da sarautar da Kano ke neman surukuta da ita. Wannan ba a rubuce yake a jikin dutse ba. Yana bakin dattawan Garu da cikin littattafai, kuma idan babu wanda zai ɗauko shi ya kai wa baƙo, a nan zai zauna.

Haka sunan jihar ma. Jigawa dai tudun yashi ne, kuma wanda ya bi hanyar Kiyawa zuwa Jahun zai ga yadda ƙasa ke hawa da sauka, tudu ya biyo kwari, kwari ya biyo tudu. Waɗannan jigayi ragowar hamada ce. Dubban shekaru da suka wuce, a wani zamani na tsananin fari, Sahara ta gangaro kudu har ta rufe wannan yanki, iskar gabas ta jera yashin layi-layi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, daga baya damina ta dawo, ciyawa da itatuwa suka daddale shi. Wani Bature masanin ƙasa, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu tun 1958. Yau gero da riɗi da gyaɗa ake nomawa a kan tudun, shinkafa da kayan lambu a fadamun da ke tsakani. Manomin da ke wurin ya san bambancin ƙasar jigawa da ta fadama fiye da kowane farfesa. Abin da ya rage shi ne a haɗa saninsa da na littafi a ba baƙo.

Sai dai inda maganar ta fi nauyi shi ne Birnin Kudu, wadda ba ta kai tafiyar awa guda daga Dutse ba. Mutane da yawa sun san ta da asibitin tarayya da tsohuwar kwalejin gwamnati da Aliko Dangote ya yi karatu a cikinta. Kaɗan ne suka taɓa shiga kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude su ga zanen da mutanen da suka yi a jikin dutse. Shanu ne akasari aka zana, kuma abin lura a nan shi ne akwai marasa tozo, wasu da dogayen ƙahoni, wasu da gajeru. Duk yaron da ya tashi a Jigawa ya san saniya da tozo. To ina waɗannan suka tafi, su wane ne makiyayansu, yaushe masu tozo suka maye gurbinsu? Tambaya ce da za ta riƙe aji guda na tsawon awa, amma sai in akwai wanda ya nuna musu bayan saniyar ya ce su nemo tozon. Idan babu shi, za su ga wani ja-ja a jikin dutse, su ɗauki hoto da waya, su wuce.

A nan ne kuma Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya rubuta bayanin duwatsun kiɗa a 1955, waɗanda idan aka buga su da ƙaramin dutse suke ba da amo kamar ƙararrawa. Rahotonsa ne ya sa masana suka shiga neman irinsu a wasu sassan Afirka. Wuraren suna cikin kayan tarihi na ƙasa da doka ta kare, kuma hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana da cibiya a garin. Ke nan ba daga tushe za a fara ba. Abin da babu shi ne igiyar da za ta ɗaure Birnin Kudu da Dutse da jigayin Jahun su zama tafiya guda da mutum zai biya kuɗi ya yi.

Tsarin ba wani mai wuya ba ne. A hau dutse bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, a sauko a zaga Garu, a biya ta gonakin dabinon da garin ya yi suna da su, inda cibiyar binciken dabino ta tarayya take, a yi hantsi a Birnin Kudu, a ci abinci a yi azahar a can, sannan mai sauran ƙarfi ya yi la'asar a kan jigawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa. A watannin bazara, da zafi ke haura digiri 40, kai mutane kan falalen dutse da tsakar rana ganganci ne.

Wannan ya kawo batun lafiyar baƙi, wanda shi ne rabin aikin jagora. A Jihar Arizona ta Amurka akwai wani siririn kwazazzabo, Antelope Canyon, a ƙasar ƙabilar Nabaho. A watan Agustan 1997 ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa ya kwararo cikinsa ba zato, ya kashe masu yawon buɗe ido 11. Yau ba a shiga wurin sai da jagora mai izini, kuma kuɗin na shiga hannun 'yan ƙabilar. Duwatsun Jigawa ba su da irin wannan ambaliya, amma suna da nasu: santsi da damina, ƙudan zuma a kogo, maciji a tsaga, da ƙishirwa. Hatsari guda ga motar 'yan makaranta ya isa ya rufe maganar na shekaru.

Za a ce, wa zai zo? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba Turawa ba ne. Agadas ta gina sana'ar jagoranci a kan baƙi daga Faransa da sauran ƙasashen Turai, da tawaye ya ɓarke a 2007 aka kuma shiga sace baƙi, jirage suka daina sauka, direbobi da jagorori suka wayi gari babu aiki. Kasuwar Jigawa tana kusa da gida. Kano na nan, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, da ɗaruruwan makarantun kuɗi da ke neman inda za su kai yara ziyara, da iyalai da suka gaji da gidan zu da manyan kantuna. Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da masu yi wa ƙasa hidima daga Kudu, da mahalarta tarukan bita da ke kwana uku a otal ba su san komai game da garin ba in ban da ɗakin taro. Kowa ya san yadda Dutse ke yin tsit ranar Juma'a da yamma idan ma'aikata suka kama hanyar gida. Ko kaɗan daga cikin motocin nan aka samu suna tahowa a maimakon tafiya, mai abinci da mai dabino da mai man fetur za su gani a aljihunsu.

Wasu kuma za su ɗaga gira saboda addini, su ce zanen dabbobi a kogo kayan jahiliyya ne, ko wurin iskoki. Kallon abin da mutanen farko suka bari domin sanin tarihi daban, bauta masa daban. Saudiyya da kanta ta buɗe yankin Al-Ula ga baƙi, ta horar da 'yan garin maza da mata su riƙa ba da labarin wuraren. Jagora ɗan gari, wanda ya san lokacin salla da al'adar mutanensa, shi ne ma zai hana baƙo yin abin da zai ɓata wa mai gida rai.

Abin da ya sa maganar ba ta jira shi ne, dutsen yana da wani mai saye tuni. Gari na girma, gini na son tsakuwa, kuma masu fasa dutse da tifofi na aikinsu kullum. Ba za a zarge su ba. Abincinsu suke nema, kuma a halin yanzu hanyar da dutse ke ciyar da talaka ke nan. Amma dutsen da aka fasa sau ɗaya ake sayar da shi. Zanen da ya daɗe a kogo kuma, yaro guda da gawayi ko fenti ya isa ya lalata shi cikin minti biyar, ba don mugunta ba, don babu wanda ya taɓa gaya masa darajarsa. Shinge da allon gargaɗi ba su cika hana wannan ba. Abin da ke hanawa shi ne a ce akwai matasa goma a unguwar da cefanen gidansu ya dogara da zanen nan.

Aikin ya rataya a kan uku. Gwamnatin Umar Namadi ce za ta shata duwatsun da ba za a taɓa ba da waɗanda za a iya fasawa, ta kuma fitar da rajista da farashi sananne domin kada baƙo ya faɗa hannun 'yan damfara. Jami'a na da malaman da za su iya tsara horo na 'yan watanni, a haɗa da taimakon gaggawa. Masarauta kuwa ita ke da dattawan da labarin ke bakinsu, da hakimai da dagatai da za su ce wa jama'a baƙin nan alheri ne. Marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a Janairun 2023, ya nuna sha'awar irin wannan da filin wasan golf da ya kafa da itatuwan da ya dasa, kuma Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu duk suna ƙarƙashin masarautar da Sarki Hameem Nuhu Sanusi ya gada. A cikin waɗanda za a horar a sa mata, domin makarantun 'yan mata da ƙungiyoyin matan aure ba za su bi namiji baƙo cikin kogo ba, kuma su ne rabin kasuwar.