KYANWA TA KAMU DA CIWON FATA: MAGANI ZA KA NEMA, BA BUHU BA



Maigida, ko a Gusau kake, ko Tsafe, ko Bungudu, ka san abin da aka saba: da zarar gashin kyanwa ya fara zubewa, sai a cusa ta a buhu a kai ta bayan gari. A ganina wannan zalunci ne. Ita ce fa ke tsare maka rumbu daga ɓera. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba abinci. To, ina ga wanda ya yar da ita tana ciwo?

Na san dalilinka: tsoron kada yara su ɗauka. Kana da gaskiya. Makero yana tsallakawa daga kyanwa zuwa mutum, musamman yara. Amma yar da ita ba ya raba ka da cutar, domin ƙwayar takan wuce shekara a raye a gashin da ya zube cikin ɗaki.

Ka duba jikinta:
• Gashi ya zube a zagaye kamar kwabo: alamar makero.
• Baƙin gari-gari a gindin gashi, ga yawan susa: ƙuma.
• Ɓawo-ɓawo a kunne da fuska: mai yiwuwa ƙazuwa.

Abin yi: ka keɓe ta, kada ta kwana a shimfiɗar yara. A wanke tsummokaranta da ruwan zafi, a shanya a rana. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta. Sannan a kai ta wurin likitan dabbobi. Maganin makero yakan ɗauki makonni, sai haƙuri.

Don Allah, uwargida, kada a shafa mata baƙin mai, kananzir ko fiya-fiya. Kyanwa lasar jikinta take yi, duk abin da aka shafa cikinta zai tafi. Kada a ba ta farasitamol, ƙwaya 1 tak na iya kashe ta. Tafarnuwa da albasa da ke amfanar mu, ita lalata mata jini suke yi.

Idan makero ya fito wa yaro a kai, a kai shi asibiti. Na kai yana buƙatar maganin sha, shafawa kaɗai ba ta isa.

Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa akwai lada a tausaya wa duk mai rai. Kada ladan nan ya wuce ka a cikin gidanka.

Allah Ya ba mu lafiya. A tura wa 'yan uwa.