Tagar Rubutu Tsakanin Alluna Biyu: Alhakin Wa Ne?

Mai juya rubutun ajami zuwa boko yakan amfana da allon kwamfuta biyu: hoton takardar asali a ɗaya, manhajar rubutu a ɗayan. Matsala tana kunno kai ne idan an ɗauke wuta. Allon waje ya mutu, kwamfutar cinya ta ci gaba da batir, tagogi su cunkushe wuri guda, wani lokaci ma taga ta buɗe a gurbin da babu allo.

Dalili kuwa, Windows yana ɗaukar allunan duka a matsayin fili guda, yana fara ƙidaya daga kusurwar sama ta hagu ta babban allo. Manhajar da ta adana lambobin matsayinta ba tare da duba allunan da ke haɗe ba, ita ke ɓatar da tagarta. X11, wanda ya fito a 1987, ya bar wa kowace manhaja ikon zaɓen gurbinta. Wayland kuwa ya damƙa ikon ga tsarin da ke kula da allo.

Matakin Wayland ya fi dacewa, domin tsarin ya fi kowace manhaja sanin allon da ke kunne. Sai dai wanda ya karɓi iko, nauyin tuna gurbi ya hau kansa. Windows 11 na 2021 ya nuna hakan mai yiwuwa ne, tunda yana mayar da tagogi mazauninsu idan allo ya dawo.

Tsallake layi ɗaya yakan gurɓata matani, kuma ruɗewar tagogi na jawo hakan. Ya kamata sassan Hausa su yi la'akari da wannan wajen tanadin kayan aiki.