Tabar Wiwi da 'Yan Matan Bagudo: Bakin Iyaka ko Cikin Gida?

Duk sa'ad da aka ta da zancen shan tabar wiwi a tsakanin 'yan matan ƙasar Bagudo, nan da nan sai a nuna bakin iyaka da yatsa. A ce ai ga Lolo, ga Illo, ga hanyar Tsamiya da ke ɓullewa Segbana a Jamhuriyar Binin, ga kuma kogin Kwara da jiragen kwalekwale, ta yaya mugun kaya ba zai shigo ba? Manufar wannan 'yar maƙala ita ce in nuna wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai cewa ba a nan gizo ke saƙar ba.

Da farko dai, wiwi ba baƙuwa ba ce da sai ta tsallako iyaka, don kuwa a dazuzzukan jihohin Ondo da Edo ake nomanta jingim. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, amma ba wanda ya ji labarin mashaya sun tuba saboda rashin kaya. Tambayar da ta kamata ita ce, me ke sa yarinya ta miƙa hannu ta karɓa?

Binciken da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Nijeriya sukan gamu da wani nau'in cin zali kafin su kai shekara 18, kuma yarinya 1 cikin 4 takan gamu da cin zarafi ta fuskar lalata. Binciken shaye-shaye na 2018 kuwa ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6, ya kuma ce 1 cikin kowane mashaya ƙwaya 4 mace ce. Tun 1998 likitoci biyu a Amurka, Felitti da Anda, suka nuna cewa gwargwadon yawan azabar da mutum ya sha yana yaro, gwargwadon haɗarin faɗawarsa cikin shaye-shaye. Ruwa ba ya tsami banza.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. A ɗauki 'yar riƙo ko agola wadda ta tashi cikin duka da zagi, ana ɗora mata talla tun da sanyin safiya zuwa tashar mota, in ciniki bai cika ba ta kwana da yunwa. A tashar nan wani ƙato ya ja ta lungu, ta dawo gida ba ta da wanda za ta gaya wa, don ta san ita za a ba laifi. Irin wannan yarinya jikinta yakan saba da fargaba, barci ya ƙaurace mata, zuciya ta riƙa dukan uku-uku ko da ba abin tsoro. Ranar da ƙawa ta ba ta zuƙa ɗaya, karo na farko ke nan da ta ji zuciyarta ta kwanta. Sai dai natsuwar ta 'yan sa'o'i ce, in ta wartsake damuwar na nan inda ta bar ta, dole ta koma. Ba kowace wadda aka zalunta ce ke shan wiwi ba, amma wadda ta fara da ƙuruciya, ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna ba, ita ta fi wuyar rabuwa da ita.

Mu ɗaliban harshe akwai abin lura a nan. Muna da sunaye barkatai ga yarinyar: 'yar iska, lalatacciya, fitsararriya. Abin da aka yi mata kuwa mun sa masa suna horo, mun kuma kare shi da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ko fyaɗe ma, in na gida ne ya aikata, sai a ce "tsautsayi" a rufe da sunan rufin asiri.

A ganina kamun da jami'an NDLEA ke yi a hanya kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Jihar Kebbi ta sa hannu kan dokar kare haƙƙin yara a 2022, saboda haka hakimai da limamai da malaman makarantu na Ka'oje da Zagga da Illo suna da madafa in suka ga ana gallaza wa yarinya. Wadda ta riga ta kamu kuwa, kafin a kai ta gidan mari a ƙara mata bulala a kan ta dā, a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kuma a sami ma'aikaciya mace ta zauna da ita ta tambaye ta abin da ya same ta tana ƙarama.