Shaidar da Ba Ma Ji a Majami'a

A yawancin majami'unmu, ko ECWA ce, ko COCIN, ko HEKAN, akwai lokacin da mai jagorar sujada zai tambaya ko da mai shaida. Sai a riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya sami aiki, waccan ta sauka lafiya, wancan motarsu ta kife amma ko ƙwarzane bai yi ba. A tafa, a ɗaga waƙa, a sa baikon godiya. Ba ni da ja da wannan, don wanda aka yi wa alheri ya ƙi faɗa butulu ne. Abin da ke damuna shi ne shaidar da ba a bayarwa. Da wuya ka ji wani ya miƙe ya ce ya yi shekara da shekaru yana roƙon abu, ba a ba shi ba, kuma har gobe yana riƙe da Ubangiji. Masu wannan labari suna nan zaune a kan benci, sai dai sun koyi yin shiru.

Shi ya sa yaranmu ke tasowa da tunanin cewa taimakon Allah hanya ɗaya gare shi: ka roƙa yau, ka gani gobe. In bai zo ba, to ko bangaskiyarka ce ta gaza, ko wani a dangi ne ya ɗaure ka. Daga nan sai yawon gidajen addu'a, a sayo mai da ruwa a kwalba, a ba wani "mutumin Allah" kwangilar roƙo, mai matsalar kuma ya koma gida yana jiran sakamako. Mai irin wannan sabo zai yi furfura a cikin ikilisiya bai iya buɗe baki ya gaya wa Allah damuwarsa da kansa ba.

Roƙo kuwa koyonsa ake yi. Almajiran Yesu Yahudawa ne da suka tashi cikin addu'a, duk da haka sai da suka nemi ya koya musu. Abin da ya koya musu gajere ne, kuma abincin da ke cikinsa na yini ɗaya ne, ba na shekara ba. Da makaho Bartimawus ya yi ta kira a bakin hanyar Yariko, Yesu yana ganin halin da yake ciki, amma sai da ya sa shi ya faɗi abin da yake so da bakinsa. Mu kuwa mun ƙware a doguwar addu'a mai kirari, mu zaga duniya da manyan kalmomi, mu ce amin ba mu ambaci kuɗin hayar da ke hana mu barci ba.

Dogara kuma ta fi roƙo wuyar koyo, don ba a gane ta sai amsa ta ƙi zuwa yadda aka so. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa. Ba a cire ba, alherin ɗaukarta aka ba shi. Mu duba tarihinmu ma. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar shigowa ƙasarmu da bishara: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya kore shi. Sai a 1902 mishan ɗin da suka soma ya sami wurin zama a Patigi, kuma daga wannan aiki ne ECWA ta fito a 1954. Da a ce da awonmu na yau za a auna su, da an ce waɗannan mutane ba su da shafewa.

Ga kuma 'yan'uwanmu na EYN. A 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ikilisiya, a watan Oktoba kuma hedkwatarta da ke Kwarhi ta faɗa hannun Boko Haram. An yi azumi, an yi kuka. Waɗansu 'yan matan sun dawo, waɗansu har yau shiru. Wa ke da bakin da zai ce wa uwar da 'yarta ba ta dawo ba addu'arta ce ba ta kai ba? Irin waɗannan iyaye ne ya kamata fastocinmu su riƙa ba dama su yi wa matasa magana, in sun yarda, domin sun san abin da mai sabuwar mota bai sani ba.

Kada kuma wani ya fake da dogara ya naɗe hannu. Nehemiya ya yi azumi da addu'a saboda garun Urushalima, amma da ya tsaya gaban sarkin Farisa, takardun izinin wucewa da katako ya nema. Da magabta suka taso, addu'a aka yi, aka kuma sa masu tsaro dare da rana, har aka gama garun cikin kwana 52. Bahaushe ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Ba aya ba ce, karin magana ne, amma Nehemiya ba zai musa ba.

Akwai wani girman kai da ke saka rigar ibada, shi ma sai mun kula. Taimakon Allah sau da yawa ta hannun mutane yake biyowa: zumuntar mata, dattijon ikilisiya, likita, maƙwabci Musulmi. Mutum zai kwana yana kuka gaban Allah saboda an koro yaransa kan kuɗin makaranta, da safe ɗan'uwa ya tsayar da shi a ƙofar majami'a ya tambaye shi yaya gida, ya ce lafiya lau, sai godiya.