Ɗan Damfara Ya Riga Manazarci Fassara: Harshen Hausa da Tsaron Wayar Hannu

Akwai wani salon damfara da ya zama ruwan dare a ƙasar Hausa. Mutum zai kira da cikakkiyar sallama, ya yi gaisuwa cikin ladabi, ya ce shi ma'aikacin banki ne, an sami matsala a lambar BVN ta Alhaji ko Hajiya, kuma za a rufe asusun kafin la'asar idan ba a gyara ba. Sai ya ce an turo wasu lambobi ta saƙon waya, a taimaka a karanto masa. Saƙon da ya zo da lambobin yakan ɗauki gargaɗi ƙarara cewa kada a faɗa wa kowa su, amma da Ingilishi aka rubuta gargaɗin. Mai wayar ya iya karanta lamba, bai iya karanta jimlar da ke gefenta ba. Cikin 'yan mintoci asusun ya koma wayam. A wannan ɗan taƙaitaccen lamari, mai cuta ya yi magana da harshen da mutum yake ji, mai kariya kuwa ya yi da wanda ba ya ji. Wannan ne ya sa batun tsaron wayar hannu ya shafi sassan nazarin Hausa kai tsaye, ko da yake an saba barin sa ga masana kwamfuta da jami'an banki.

Wajibi ne a fara duba abin da waya ta zama. Lokacin da aka fara amfani da layukan GSM a Nijeriya a shekarar 2001, na'urar kira ce da aika gajeren saƙo. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN, wadda ta ɗaure duk asusun mutum da shaidarsa guda. A watan Disamba na 2020 aka umarci a haɗa kowane layi da lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN. Sai kuma ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023, wanda ya tilasta wa mai shayi da mahauci da dillalin shanu karɓar tiransfa, ko suna so ko ba sa so. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa shiga ajin boko ba, wasu kuma da ajami suka iya rubutu. Cikin ɗan lokaci waya ta zama lalita, ta zama rumbun hotunan iyali, ta zama shaidar da banki yake gane mutum da ita. An miƙa wa jama'a taska, amma bayanin yadda ake kulle ta ya tsaya cikin baƙon harshe.

Babban misalin giɓin shi ne kalmar "lambar sirri". A bakin Hausawa a yau, wannan suna guda yana ɗauke da abubuwa aƙalla huɗu: lambobi huɗun da ake cirar kuɗi da su, da kalmar buɗe manhaja ko imel, da lambar da ake turowa don amfani sau ɗaya tak, da kuma BVN ita kanta. Hukuncin kowannensu daban ne. Ana rubuta BVN a fom a gaban ma'aikacin banki, amma lambar cirar kuɗi da lambar amfani sau ɗaya babu wani ma'aikaci da yake da hurumin tambayar su. Wanda ya saba bayar da ta farko a cikin banki ba zai ga laifin bayar da ta biyu ta waya ba, tunda a harshensa duk suna ɗaya suke amsawa. Masanin ma'ana zai gane wannan matsala nan take: kalma guda ta rufe bambancin da rayuwar mai magana take buƙata. Ɗan damfara ya daɗe da gane ta, kuma a cikinta yake cin abinci.

Haka abin yake game da manhajojin ɓarna. Kalmar "bairos" ta shigo Hausa tun zamanin kwamfutocin shagunan buga takardu, kuma ma'anar da ta zauna a zukata ita ce wani abu mai sa na'ura nauyi ko goge waƙoƙi daga memori. Don haka muddin waya tana gudu lafiya, mai ita yakan ɗauka ƙalau take. Alhali mafi haɗarin manhajojin yau su ne masu lafewa shiru suna karanta saƙonni. Manhajar FluBot, wadda ta addabi ƙasashen Turai a 2021 kafin 'yan sandan ƙasashe da dama su tarwatsa ta a 2022, tana zuwa ne a matsayin saƙon isowar kaya. Wanda ya latsa ya sauke ta, sai ta nemi izini, ta kwashe bayanan banki, ta aika kanta ga duk sunayen da ke cikin wayar. Ƙofar shigar irin waɗannan manhajoji ita ce izinin da mai waya yake bayarwa da yatsansa. Allo zai nuna tambaya da Ingilishi, mutum ya latsa abin da ya ga yana sa tambayar ta gushe.

An ga sakamakon wannan a Nijeriya da manhajojin bayar da bashi. Masu neman rance sun ba su izinin shiga jerin sunaye da hotuna ba tare da sanin abin da suka yarda da shi ba, daga baya aka riƙa aika wa surukai da abokan aiki saƙonnin tozarci. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a watan Maris na 2022, sannan a 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa sunaye da hotunan masu waya. A al'ummar da take ɗaukar mutunci da rufin asiri da muhimmanci fiye da dukiya, irin wannan ɓarna ta wuce asarar kuɗi.

Akwai kuma al'adun amfani da waya da jagororin tsaro na ƙasashen waje ba su san da su ba. Saboda tsadar data, ana karɓar manhaja daga wayar aboki ta Xender maimakon rumbun Play Store. Ana sauke jabun WhatsApp masu ƙarin kwalliya, waɗanda kamfanin da kansa ya yi gargaɗi a kansu. Ana barin waya a shagon caji, ko wurin mai tura fina-finai, ko hannun mai gyara, a buɗe. Ana miƙa kati ga mai POS a faɗa masa lamba a bainar jama'a. Dattijo yakan ba yaron unguwa waya ya duba masa ko alat ya shigo. Mafi yawan waɗannan masu sana'a mutanen kirki ne masu riƙon amana, amma tsarin da ya dogara ga kirkin kowa da kowa, mutum ɗaya ya isa ya rusa shi. Jagorar da aka fassara kalma da kalma daga Amurka ko Ingila ba za ta ambaci shagon caji ba, domin marubucinta bai san shi ba.

Harshen ɗan damfara kansa fage ne na nazari. Yana amfani da gaggawa don hana tunani, da girmamawa don sanya kunyar musu, da kalmomin addini don samun yarda. Idan ya ƙwace WhatsApp ɗin wani ta hanyar yaudarar sa ya faɗi lambobi shida na rajista, sai ya bi zaurukan dangi da na tsofaffin ɗalibai yana roƙon taimakon asibiti da sunan mai layin, ya mayar da zumunci tarko. Wani lokaci saƙon tallafin gwamnati ne ko kyautar data, ana cewa a tura wa zauruka kaza kafin a samu. Tatsuniya ta daɗe da sanin wannan hali, domin Gizo bai taɓa cin kowa da ƙarfi ba, da baki yake ci. Sassan da suka ƙware wajen feɗe salon waƙa da sarrafa harshe a fim suna da kayan aikin feɗe salon yaudara, kuma a nan sakamakon nazarin zai iya tsare wa wani jarinsa.

Mai musu zai ce harshe ba shi ne tushen matsalar ba, kuma yana da hujja. Tsarin MMM da ya daskarar da kuɗin mutane a Disamba 2016, da CBEX da ya durƙushe a Afrilu 2025, sun ci 'yan boko masu jin Ingilishi sosai. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne a kowane harshe, kuma babu fassarar da take maganin sa. Akwai kuma satar layi da kutse cikin rumbunan bayanai, waɗanda ba laifin mai waya ba ne ko kaɗan. Sai dai wannan hujja iyakar amfanin harshe ta nuna, ba ta kore shi ba. Wanda ya karanta gargaɗi ya yi biris da shi ya zaɓa wa kansa, wanda kuwa ba a taɓa yi wa gargaɗin da yake fahimta ba, ba a ba shi zaɓi ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanai ta 2023 suna da amfani, amma galibi bayan an yi ɓarna suke aiki, kuma kuɗin da ya bi ta asusu uku ko huɗu da wuya ya dawo.

Aikin da ake buƙata ba baƙo ba ne ga wannan fage. Manazarta sun taɓa zama suka samar da kalmomin nazarin harshe da adabi, abin da ya haifar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Irin wannan himma ce ta kamata a juya ga kalmomin tsaron waya, da sharaɗi guda: a gwada su a kasuwa kafin a buga su a mujalla. Ana iya gwada "lambar cira" da "makullin manhaja" da "lambar amfani ɗaya" da "manhajar leƙen asiri" a kan masu sayar da waya a Farm Centre ta Kano, da matan aure, da direbobin tasha, a ga wadda ta kama baki. Kalmar da ta tsaya a ɗakin taro ba ta kare kowa.

Daga nan sai a tunkari bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumar NCC da buƙata ƙarara: saƙon da ke ɗauke da lambar amfani ɗaya ya zo da gargaɗinsa a harshen da mai asusu ya zaɓa, kuma a tanadi bayanin murya ga wanda bai iya karatu ba. Abin da za a isar bai da yawa. Banki ba ya kira ya tambayi lamba. Manhajar fitila ko ta wasa ba ta da abin yi da saƙonni da sunaye. A sa wa layi da waya makulli, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, a riƙa sabunta waya, a rufe asusu da layi nan take idan ta ɓata. Wanda ɗan'uwa ya roƙa kuɗi ta saƙo, ya kira shi ya ji muryarsa, ya kuma tambaye shi abin da su biyu kaɗai suka sani, tunda yanzu na'ura tana iya kwaikwayon murya. Rediyo da mumbarin Juma'a da makarantun Islamiyya za su kai wannan inda takarda ba ta zuwa.

Ana yawan auna ci gaban Hausa da yawan masu jin ta da digirorin da ake bayarwa a kanta. Akwai wani ma'auni da ya fi waɗannan kusa da rayuwa, wato ko harshen yana iya gargaɗin mai shi a daidai lokacin da ake shirin cutar sa. A yau 'yan damfara sun kammala nasu aikin fassarar, kuma kullum suna gwada shi a kan jama'a suna gyarawa. Saura na masu ilimin harshen.